Ruwa ba ya tsami banza: rayuwar ƙwayar halittar da ke barci a lakar teku ta farka da dafi

Tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Agustan 1987, mazauna Champerico, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Gwatamala, suka riƙa isa asibiti da wani ciwo mai saurin kayar da mutum. Yakan fara da mutuwar leɓe da harshe, ya sauka zuwa yatsu, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Mutum 187 suka kamu, 26 suka rasu, kuma ƙananan yara ne abin ya fi yi wa ɓarna. Da aka bi diddigi, sai aka tarar duk sun ci wata halittar teku mai ɓawo biyu, irin wadda ke tace ruwa ta ci abin da ke cikinsa, mutanen gaɓa kuma su kwaso ta su yi romo.

Ita halittar ba ta da dafi na kanta. Tara shi ta yi daga abincinta, wato wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak da masana ke kira Pyrodinium bahamense, wadda ta yi ambaliya a wannan gaɓa a lokacin. Dafin, mai suna saksitoksin, yana toshe hanyar da jijiya ke aika saƙo zuwa tsoka. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma ba shi da makari. Abin da likita zai iya yi shi ne ya taimaka wa majinyaci da numfashi har jiki ya fitar da shi. Ƙarfinsa ya kai an sanya shi a jeri na farko na Yarjejeniyar Haramta Makamai Masu Guba.

Irin wannan ambaliya, wadda sau da yawa ke rina teku ya koma ja ko ruwan ƙasa, takan zo ta yi makonni ta wuce, bayan shekara ko shekaru kuma ta sake dawowa wuri guda. Tambayar da ta daɗe tana cin ran masana ita ce: ina waɗannan halittu ke zuwa idan sun ɓace, kuma me ke dawo da su? Amsar tana cikin yadda suke barbara.

Halitta mai bulala biyu

Sunan dangin nan dainofilajilet, daga kalmar Girkanci mai nufin juyi da ta Latin mai nufin bulala. Kowace ƙwaya tana da zare biyu masu kama da bulala. Ɗaya ya kewaye ta a cikin wani kwari kamar ɗamara, shi ke sa ta juyawa. Ɗayan ya miƙe ta baya kamar wutsiya, yana tura ta gaba. Da yawa daga cikinsu suna sanye da sulke na ƙananan faranti, kuma da tsarin farantin ne masana ke bambance wani jinsi da wani.

An san jinsi sama da 2,000 masu rai a yau, akasarinsu a teku, wasu kuma a tafkuna da madatsun ruwa. Girman Alexandrium, ɗaya daga cikin masu dafi, bai wuce kimanin rabin kaurin silin gashi ba: sai an jera kusan 30 kafin su cika milimita ɗaya. Kusan rabin dangin suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, sauran suna farautar ƙananan halittu, akwai kuma masu haɗa duka biyun.

Masu dafi 'yan tsiraru ne. Mafi yawa abinci ne ga ƙananan halittun da kifi ke ci. Wasu suna zaune a cikin jikin murjani suna ciyar da shi, kuma idan zafin ruwa ya raba su da shi, murjanin ya yi fari ya fara mutuwa. Wasu kuma, irin su Noctiluca, su ne ke sa igiyar ruwa ta riƙa walƙiya da shuɗin haske da dare.

Lokacin wadata: ɗaya ta zama biyu

Idan ruwa ya yi ɗumi, haske ya wadata, ga kuma sinadaran abinci, musamman naitirojin da fosfaras, waɗanda manomi ya sani a buhun takin NPK, dainofilajilet ba ta bukatar abokiyar tarayya. Tana kwafe zaren gadonta, ta rabe gida biyu, kowane ɓari ya zama cikakkiyar halitta. A lissafi, ƙwayar da ke rabuwa sau ɗaya kullum za ta haura miliyan ɗaya cikin kwana 20. A teku yawancinsu ba su kai wannan sauri ba, amma idan iska da igiyar ruwa suka tara su wuri guda, ana iya samun miliyoyi a lita ɗaya. A nan ne ruwa ke sauya launi.

Sai dai duk 'ya'yan da aka samu ta wannan hanya kwafin juna ne. Abin da zai kashe ɗaya zai kashe dukansu. Ga shi kuma yawansu shi ke cinye abincin da ya kawo yawan.

Akwai wani bambanci tsakaninsu da mu da ya kamata a riƙe. Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da ƙunshi biyu na zaren gado, 23 daga uwa, 23 daga uba, jimla 46. Maniyyi da ƙwan mace ne kaɗai ke da ƙunshi ɗaya. Mafi yawan dainofilajilet akasin haka suke: da ƙunshi ɗaya suke yin kusan duk rayuwarsu ta iyo, ba sa samun biyu sai bayan barbara.

Lokacin tsanani: biyu su zama ɗaya

Idan abinci ya fara ƙarewa, ko zafin ruwa da tsawon yini suka sauya, ko cunkoso ya yi yawa, wasu ƙwayoyin sukan koma ƙwayoyin barbara. A jinsi da dama sun fi 'yan'uwansu ƙanƙanta da kodewar launi, kuma sukan taru suna zagaya juna cikin sauri kafin biyu su manne. A wasu jinsunan 'ya'yan ƙwaya ɗaya na iya haɗuwa da juna. A wasu kuma, ciki har da Alexandrium catenella, dole sai an sami zuri'a biyu masu dacewa da juna. Da yake ba a iya bambance mace da namiji a ido, masana kan kira ɗaya "ƙari" ɗayar "ragi".

Biyun nan sukan narke su zama ƙwaya guda mai ƙunshi biyu na zaren gado. Ana gane ta da girmanta, da duhun launinta, da kuma bulala biyu da take ja a baya maimakon ɗaya. Takan yi kwanaki, wani lokaci sama da mako, tana iyo tana tara mai da sitaci a cikinta, kamar mai haɗa guzuri.

A wurinmu da dabbobinmu, barbara hanyar ƙaruwa ce. A wurin wannan halitta raguwa take kawowa, tunda biyu ne suka koma ɗaya. Ribarta a wani wuri take. Na farko, tana cakuɗa gadon zuri'a biyu, ta yadda cikin jikoki za a sami masu jure zafi ko cuta fiye da kakanninsu. Na biyu, a jinsunan da suka fi damun ɗan Adam, ita ce ƙofar shiga dogon barci.

Barci a laka

Bayan ta gama tara guzuri, haɗaɗɗiyar ƙwayar takan zubar da bulalunta da sulkenta, ta gina wa kanta ƙwanso mai kauri, wani lokaci mai ƙayoyi, ta nutse zuwa ƙasan teku ta kwanta a laka. Duk wanda ya san gaiwa ya san dabarar: idan kududdufi ya ƙafe, sai ta shige taɓo ta lulluɓe kanta, ta rayu da abin da ke jikinta har damina ta dawo. Ba duka dangin ke yin haka ba. Tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jinsunan da ke raye ne aka san suna yin wannan ƙwanso, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa wani lokaci haɗaɗɗiyar ƙwayar kan rabu ta ci gaba da iyo ba tare da ta kwanta ba. Amma manyan masu dafin da ke shanye jiki, wato Alexandrium da Pyrodinium da Gymnodinium catenatum, duk suna cikin masu kwanciya.

Barcin hawa biyu ne. Akwai na dole, wanda ko an ba ƙwanson duk abin da yake so ba zai buɗe ba sai ya nuna. A wasu jinsunan kwanaki kaɗan ne, a wasu watanni. Bayansa sai zaman jira. Ƙwanson ya shirya, amma ba zai fashe ba sai zafin ruwa ya faɗo cikin iyakar da ta dace da shi, kuma sai akwai iskar oksijin. Wanda laka ta binne can ƙasa, inda babu iska, haka zai ci gaba da kwanciya har ranar da guguwa, ko tsutsar laka, ko injin yashe tashar jirgi, ya tono shi.

A 1987, Donald Anderson da Bruce Keafer na cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka suka nuna cewa ƙwanson da aka ɗebo daga zurfin mashigin tekun Maine yana da agogon shekara a cikinsa. Ko an ajiye shi a ɗakin gwaji cikin duhu da sanyi marar sauyawa, akwai watannin da yake yarda ya buɗe da waɗanda yake ƙi, kuma haka abin ke zagayowa shekara-shekara. A can zurfin da rani da hunturu ba su da bambanci sosai, wannan agogo ne ke faɗa masa lokacin tashi.

Tsawon jiran na iya wuce rayuwar mutum. A 2011, masu bincike ƙarƙashin Sofia Ribeiro suka ba da rahoton farfaɗo da ƙwanson jinsin Pentapharsodinium dalei daga lakar wani mashigin ruwa a Suwidin, a wani falle da ya kai kimanin shekara 100 da kwanciya. Ƙwayoyin suka fito, suka yi iyo, suka hayayyafa.

Ranar farkawa, ƙwanson kan tsage ta wata ƙofa mai siffa ta musamman ga kowane jinsi. Ƙwaya ɗaya ta fito, ta yi rabuwar da ke mayar da ƙunshin gado biyu zuwa ɗaya-ɗaya, 'ya'yanta su koma rabuwar yau da kullum. Da'irar ta cika ke nan. Duk ambaliyar da ta wuce ta bar iri a ƙasa, kamar yadda ƙuduji ke barin irinsa a gona ya yi shekaru yana jiran a shuka dawa.

Yadda aka haɗa rabi da rabi

An daɗe ana ganin kowane ɓangare na wannan rayuwa ba tare da an san na halitta ɗaya ba ne. A shekarun 1830, masanin Jamus Christian Gottfried Ehrenberg ya duba siraran ɓarɓashin dutsen ƙyastu da madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙaya, ya ɗauka dangin wata gansakukar ruwan daɗi ce. Aka shafe sama da shekara 100 ana muhawara a kansu. A 1961, William Evitt na Amurka ya nuna cewa tsarin ƙayoyinsu da siffar ƙofarsu sun yi daidai da tsarin sulken dainofilajilet. A cikin shekarun 1960 ɗin, David Wall da Barrie Dale suka kawo hujjar da ta rufe magana: suka ɗebo irin waɗannan ƙwallaye masu rai daga lakar teku, suka ajiye su a ɗakin gwaji a Woods Hole, sai ga dainofilajilet suna fitowa daga ciki suna iyo.

Saura sanin abin da ke haifar da ƙwanson. Hans Adolf von Stosch na Jami'ar Marburg a Jamus ya bi da'irar daga haɗuwar ƙwayoyin barbara har zuwa farkawa, ya wallafa cikakken bayaninta a 1973. Shekara biyu bayan haka, Lois Pfiester ta Jami'ar Oklahoma ta nuna cewa hana Peridinium cinctum naitirojin ya isa ya tura ta barbara. Har yau ana ganin tabon wancan dogon ruɗani a littattafan masana, inda halitta ɗaya ke da suna biyu: mai iyo a kira ta Gonyaulax, ƙwansonta a kira shi Spiniferites.

Da yake bangon ƙwanson ba ya ruɓewa da sauƙi, yakan dawwama a cikin duwatsu. Mafi tsufa da aka tabbatar sun haura shekara miliyan 200. Kowane zamani yana da nasa jinsunan, don haka masu binciken mai ke duba su a ɓarɓashin da ke fitowa daga rijiya, su gane shekarun fallen dutsen da suke haƙa da kuma ko teku ne ya shimfiɗa shi. Ana amfani da wannan ilimi a rijiyoyin Neja Delta kamar yadda ake yi a Tekun Arewa na Turai.

Ƙirga iri kafin damina

Amfanin sanin wannan da'ira ya fi fitowa fili a arewa maso gabashin Amurka. A watan Satumban 1972, bayan wata guguwa, ambaliyar Alexandrium ta mamaye gaɓar Massachusetts da maƙwabtanta, aka hana kamun masu ɓawo. Ruwan ya washe, amma matsalar ta zauna: tun daga lokacin, yammacin mashigin Maine ya riƙa fama da ita kusan kowace shekara. A 2005 aka yi wadda ta fi kowace girma tun 1972, aka rufe wuraren kamu daga jihar Maine har tsibiran kudancin Massachusetts a tsakiyar kakar ciniki.

Masu bincike suka koma ƙasan teku. Suka gano manyan shimfiɗu biyu na ƙwanso, ɗaya a mashigin Fundy, ɗaya a gefen tsakiyar gaɓar Maine. Kowace kaka jirgi kan fita ya ɗebo laka a wurare da dama, a ƙirga ƙwanson da ke saman lakar, a zuba adadin a kwamfuta tare da bayanan iska da igiyar ruwa na shekarun baya. Daga 2008 aka fara fitar da hasashen girman ambaliyar shekara mai zuwa, domin hukumomin lafiya da masu kamu su kintsa.

Hasashen ba ya cika kullum. Kafin kakar 2010 an ƙirga ƙwanso mai yawan gaske, aka yi gargaɗin babbar ambaliya, sai ba ta zo yadda aka zata ba, domin ruwan da ya shigo mashigin a shekarar ya bambanta a zafi da gishiri da abinci. Yawan iri yana nuna iyakar abin da ka iya faruwa. Yanayin shekarar ne ke yanke hukunci. Manomi ya san haka tun tuni.

Fasinjan da ba ya cikin takardun jirgi

Ƙwayar da ke iyo ba ta jure doguwar tafiya cikin duhu. Ƙwanso kuwa duhu da laka gidansa ne, kuma wannan ne ya haɗa shi da harkar jiragen ruwa. Jirgin dakon kaya idan ya sauke lodinsa, yakan ɗibi ruwan teku ya cika wasu tankuna don kada ya yi sakayau igiyar ruwa ta kifar da shi. Shi ake kira ruwan balas. Idan ya isa inda zai ɗauki sabon kaya, sai ya zubar. Laka na taruwa a gindin tankunan, kuma abin da ke cikinta na iya kai wa ƙarshen tafiya da ransa.

Tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya ga haka. A 1986 aka rufe gonakin masu ɓawo a kudancin tsibirin saboda dafin Gymnodinium catenatum. Da aka haƙa lakar yankin falle-falle, aka ga ƙwanson wannan jinsi bai bayyana ba sai wajen farkon shekarun 1970, daidai lokacin da jirage suka fara zuwa ɗaukar ɓarɓashin katako zuwa Japan. Gustaaf Hallegraeff da Christopher Bolch suka bi tankunan jiragen da ke shiga tashoshin Ostireliya suna dubawa. A tanki ɗaya kawai, sun ƙiyasta akwai ƙwanson Alexandrium mai rai sama da miliyan 300.

Irin wannan bincike na cikin abin da ya kai Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ga amincewa da yarjejeniyar ruwan balas a 2004, wadda ta fara aiki ranar 8 ga Satumban 2017. Matakin farko ya bukaci jirgi ya sauya ruwansa a tsakiyar teku, nesa da gaɓa. Mataki na biyu, wanda ya hau kan dukkan jiragen da yarjejeniyar ta shafa daga Satumban 2024, ya ɗora iyaka: a ruwan da za a zubar, halittu masu rai da girmansu ke tsakanin maikuromita 10 zuwa 50 kada su kai 10 a mililita ɗaya. A wannan aji mafi yawan dainofilajilet masu dafi suke. Yarjejeniyar ta kuma wajabta wa tashoshin da ake wanke tankuna ko gyara su tanadin wurin karɓar lakar, don kada a mayar da ita ruwa. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin ƙwanso ya fi ƙwaya mai iyo jure haske da sinadaran da ake kashe halittun ruwan balas da su.

Inda abin ya shafi Najeriya

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar, tun 2005, kuma NIMASA ce ke da alhakin aiwatar da ita. Dalilin kulawa a bayyane yake. Ƙasar da ke fitar da kaya masu nauyi ita ke karɓar ruwan balas na wasu. Tankar da ta zo ɗaukar ɗanyen mai a Bonny ko Forcados ko Escravos, ko iskar gas a tsibirin Bonny, da ruwan wata tashar take zuwa, kuma a ruwanmu take sauke shi yayin da ake yi mata lodi. Ga gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, da rafuka da dazuzzukan gaɓa na Neja Delta inda dubban iyalai ke rayuwa da kamun kifi da masu ɓawo. Ga kuma tashoshin Apapa da Tin Can da Onne da Lekki, inda yashe laka aiki ne da ba ya ƙarewa, da ƙazantar birane da takin gona da ke gangarowa teku suna ƙara wa ruwa naitirojin da fosfaras.

Ga jami'in da ke rubuta takardar shawara a Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka kafa a 2023, ko mataimakin ɗan majalisar da ke duba kasafin NIMASA ko na cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas, darasin wannan halitta mai sauƙi ne. Gwajin ruwan sama yana faɗin abin da ke faruwa a ranar da aka ɗebo shi. Gwajin laka yana faɗin abin da ya taɓa zuwa, da abin da ke kwance yana jira. Aikin bai wuce kwale-kwale, da bututun ɗiban laka, da rariya, da madubin ƙara girma, da ma'aikacin da aka horar ya san siffar ƙwanso ba. Abin da ya fi wuya shi ne maimaita shi kowace shekara a wurare guda, da dubawa kafin a yashe tasha da kuma kafin a zaɓi inda za a zubar da lakar.

Jirgin da ke ɗauke da ƙwanso ana iya tsayar da shi a duba takardunsa da tankunansa. Ƙwanson da ya riga ya sauka ya bazu a lakar mashigi, har yau babu ƙasar da ta iya kwashe shi. Abin da ya rage wa Maine da Tasmaniya shi ne sa ido na dindindin, da gwajin naman masu ɓawo, da rufe wuraren kamu duk lokacin da dafi ya haura ƙa'ida, kuma kuɗin wannan aiki yana shiga kasafinsu kowace shekara.